Amsoshin Wasiƙunku: Rabin Kuɗi Babu Rasit

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce mai karɓar kuɗin kasuwa ya yi masa tayin ya riƙa ba da rabi, amma babu rasit. Sannan wani ya ba shi shawara ya rarraba cinikinsa da sunayen 'ya'yansa don haraji ya ragu. Tambayarsa: wannan dabara ce ko cuta?

To Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Akwai rangwamen da doka da kanta ta ba ka, wannan halal ɗinka ne. Harajin kuɗin shiga a kan riba ake sa shi, ba a kan ciniki ba. Saboda haka kuɗin mota, ladan 'yan dako, hayar sito, kuɗin buhu, duk ka rubuta su a littafi, a cire kafin a yi maka lissafi. Kuma sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a 2025 ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Da yawanmu ma ba mu kai nan ba.

Amma batun sunayen yara, in da gaske ka yanka musu jari, suna juyawa, ribar tasu ce, babu laifi. In kuwa suna ne kawai a takarda, kuɗin na aljihunka, to ƙarya ce. Malamanmu sun san irinta a babin zakka: mai tumaki 40 tunkiya ɗaya ke kansa, an kuwa hana shi raba garken biyu don ya ga mai karɓa ya doso.

Rabin nan kuma, Alhaji, ina yake zuwa? Aljihun mutum ɗaya. A littafin hukuma kai ba ka biya ba, gobe in an sauya shi sai a bi ka bashi. Wanda aka fi cuta shi ne maƙwabcinka da ya biya cif, ga shi dole ku sayar da buhu farashi ɗaya. Ita kuwa tsohuwa mai daddawa, wa zai yi mata tayin rabi?

Na san abin da za ku ce: muna biya, ga kasuwa babu magudanar ruwa, ga shinge kowace hanya. Gaskiyarku. Wannan kukan ne ya sa gwamna Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, kuma dokar 1998 ta hana tare hanya don karɓar haraji. To amma ranar da ƙungiyarku za ta je gaban shugaban ƙaramar hukuma, me za ta ajiye a teburinsa? Ku tara rasit ɗin wata uku, sarkin kasuwa ya shige gaba, ku tambayi inda kuɗin suka shiga.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba wasiƙar wata baiwar Allah kan mudun da aka bubbuge wa gindi. A huta lafiya.