Kowace Kalma da Danginta: Jawabi Kan Karatun Yara a Ranar Aza Harsashin Masallaci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanar da Annabi Adamu sunayen abubuwa dukkansu, kamar yadda ya zo a aya ta 31 cikin Suratul Baƙara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku iyayenmu sarakuna, da malamanmu, da attajirai, da sauran jama'a waɗanda suka taru daga cikin garin Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura, Malam Liman ya umurce mu da mu yi bayani a kan ɗakunan karatu da aka tsara za a gina jikin wannan masallaci, domin wanda ya ba da dukiyarsa ya san abin da za a yi a cikinsu.

Abin da ya sa muka damu da wannan al'amari shi ne, yaro yakan haddace izu biyu ko uku da kyakkyawan karatu, amma in an tsamo kalma guda daga cikin abin da ya karanta aka tambaye shi ma'anarta, sai ya sunkuyar da kai. Makarantar allo ta cika aikinta, domin ta ba shi babbaƙu da farfaru, ta kuma ba shi hadda. Abin da ya rage masa shi ne sanin kalmomi, watau lugga. Hanyar da muka zaɓa kuwa ita ce a koya wa yaro rarrabe kalmomi kashi-kashi, kamar yadda mai sussuka ke ware gero da dawa da maiwa kafin a kai rumbu. Kalmar da aka ajiye tare da danginta tana da sauƙin tunawa, wadda aka bari ita kaɗai kuwa takan ɓace.

Kada wani ya zaci baƙon abu muka ɗauko. Littafin Ajrumiyya, wanda Ibnu Ajurrum ya wallafa, malamin birnin Fas da ya rasu a shekara ta 723 bayan Hijira, daidai da 1323, da rabon kalma kashi uku ya fara: ismi, da fi'ili, da harafi. Sa'alabi mutumin Naisabur, wanda ya rasu a 1038, ya tsara littafinsa Fiƙhul Lugga babi-babi bisa ma'ana, kowane irin abu da kalmominsa wuri guda. Firuzabadi kuwa ya tsara Ƙamus bisa saiwar kalma, kuma daga sunan littafin nan nasa, wanda asalin ma'anarsa teku ne, muka sami kalmar ƙamus da muke faɗi yau. A ƙasarmu ma, Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu. Har ila yau alarammominmu suna da ilmin harji, inda suke tara kalmomin Alƙur'ani masu kama da juna, su san sau nawa kowace ta zo da inda ta zo, don kada su ruɗe wajen rubutu da ka. Saboda haka aikin magabata ne muke son a sauko da shi daidai hankalin yara. Ga yadda za a yi, iri huɗu.

Na farko, rabo bisa ma'ana. Malami zai rubuta kalmomi a kan guntayen kwali, ya ajiye faya-fayai a gaban yara, kowane faifai da kansa. Misali mafi kusa shi ne sunayen surori, domin yara sun riga sun saba da jin su. Cikin surori 114, Baƙara da Nahli da Namli da Ankabutu da Fili za su hau faifan halittu masu motsi, watau saniya, da ƙudan zuma, da tururuwa, da gizo-gizo, da giwa. Fajri da Duha da Asri da Laili su hau faifan lokuta. Shamsi da Ƙamari da Najmi, watau rana da wata da tauraro, su hau faifan abubuwan sama. Yunusa da Hudu da Yusufu da Ibrahimu da Nuhu da Muhammadu su hau na Annabawa. A zama ɗaya yaro ya sami kalmomin Larabci goma sha biyu da ma'anarsu, ban da sunayen Annabawa shida.

Na biyu, rabo bisa saiwa. Yawancin kalmomin Larabci daga baƙaƙe uku suke tsirowa. Daga kaf da ta da ba aka sami kitabu, littafi, da katibu, marubuci, da maktubu, abin da aka rubuta. Daga ain da lam da mim aka sami ilmu, da alimu, da mu'allimu, wanda mu muka mayar malam. Za a cakuɗa kwalayen gidaje biyu ko uku, a ce yara su mai da kowane gidansu. Wanda ya gane saiwa guda ya buɗe ƙofar kalmomi masu yawa waɗanda ba a taɓa gaya masa ba.

Na uku, kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci. Wasu sun shigo da alif da lam ɗinsu cikakku, kamar alƙalami, da alƙali, da albasa, da albarka. Wasu alif ya faɗi sai lam ya rage, kamar liman, da labari, da lokaci, da lahira, da lafiya, da littafi, wanda asalinsa alkitabu ne. Wasu kuma ba su zo da ko ɗaya ba, kamar duniya da zamani. Ranakun mako kaɗai sun isa darasi: Alhamis a kashin farko, Lahadi da Litinin da Laraba a na biyu, Talata da Juma'a a na uku, sa'an nan a bar yara su yi ta muhawara a kan Asabar har malami ya warware musu. Ranar da yaro ya gane cewa tun yana goye yake jin Larabci a bakin uwarsa, tsoron harshen ya fita daga zuciyarsa.

Na huɗu, Hausa kanta, domin wanda bai ƙware a harshensa ba, fassara ba ta amfanarsa. Ku dubi kalmomin da ke farawa da “ma”. Wasu wuri suke nufi: masallaci, makaranta, maƙera, marina, mahauta. Wasu mai aikin suke nufi: manomi, maƙeri, marini, mahauci. Wasu kuma kayan aiki ne: mabuɗi, madubi, matsefi, magirbi. A nan yaro zai ga magirbi yana iya zama cikin kayan aiki masu “ma”, yana kuma iya zama tare da fartanya da garma da lauje cikin kayan gona. In gardama ta tashi tsakanin yara biyu a kan haka, kada malami ya yi saurin kashe ta. Ya tambayi kowannensu hujjarsa, domin wajen kawo hujja ne ilmin ke zama.

Sai ƙa'idodin da muka shimfiɗa wa malamai. Da fari malami ne zai faɗi kan kowane faifai. In yara sun saba, sai ya zube musu kwalayen ya bar su su gano kashe-kashen da kansu. Manya daga cikinsu su ne za a kai ga rabon ismi da fi'ili da harafi, da alamominsu, kamar tanwini da alif da lam ga ismi, don in sun isa Ajrumiyya su tarar da hanya a share. Wannan aiki ba zai ci lokacin hadda ba, bayanta za a yi shi, na ɗan ƙanƙanen lokaci. Kuma duk kwalin da ke ɗauke da kalmar Alƙur'ani ba za a ajiye shi a ƙasa ba. A kan faifai zai zauna, in an tashi a tattara a sa cikin gafaka.

Jama'a, kun dai ji kayan aikin: kwali, da tawada, da alli, da faifai. Ba su da tsada. Abin da ke da nauyi shi ne ɗakin da yara za su zauna ba ruwa ba rana, da haƙƙin malamin da zai zauna da su kullum. Sau da yawa akan gama masallaci, a yi rufi, a yi shafe, sa'an nan ɗakunan karatu su tsaya iyakar taga shekara da shekaru saboda hannun masu bayarwa ya gaji. Muna roƙonku, don Allah, kada haka ta faru a nan. Wanda ya yi alkawarin bulo ko siminti ko kwano, ya ware wa ɗakunan karatu rabonsu tun yau, a rubuta shi a littafin gudummawa da sunan haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da yake shekara bakwai bana ba zai tsaya jiranmu ba.

Ku kuma iyaye, akwai naku aikin wanda ba ya bukatar ko kwabo. In yaro ya dawo gida, ku tambaye shi kalmomin da ya ware yau, da dalilin da ya sa ya haɗa wannan da waccan. Wanda bai yi karatu mai zurfi ba cikinku, shi ma zai ƙaru.

Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri. Allah ya nuna mana kammalar wannan gini lafiya, ya cika shi da masu salla waɗanda suka san ma'anar abin da suke karantawa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriyarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.