Miyar Tumatir Da Burodi A Cikin Kwalba: Jawabi A Taron Wata-Wata Na Ƙungiya

 

An ce in yi magana kan wata miya da yaranmu suka fara yi a gidaje da shaguna, wato miyar tumatir da burodi da ake dafawa cikin kwalba a na'urar ɗumama abinci, wadda ake kira maikirowef. Na karɓa ne don tumatir sana'ata ce, kuma akwai wani wuri a cikin wannan harka da ke da haɗari, mutane ba su lura ba.

Miyar nan asalinta daga ƙasar Italiya take, yankin Tuskani, inda birnin Fulorans yake. Sunanta a can pappa al pomodoro. Abincin talakawan ƙauye ne. Burodinsu na can ba a sa masa gishiri, kuma da ya kwana biyu sai ya yi tauri kamar icce. Maimakon su zubar, sai su jiƙa shi cikin dafaffen tumatir da tafarnuwa da man zaitun da wani ganye mai ƙamshi, ɗan'uwan ɗoɗɗoyarmu, wanda Yarbawa ke ce wa efirin. Ba ta da ruwa-ruwa, ta fi kusa da fate. Ka ga dai dabarar ɗaya ce da ɗumamen tuwo.

To ga yadda ake yi a kwalba. A samu mai faɗin baki, mai kauri, mai cin rabin lita, wadda ba ta da tsaga. A zuba mai cokali ɗaya da tafarnuwa ƙwaya biyu dakakku, a sa a na'ura kamar rabin minti. A ƙara markaɗaɗɗen tumatir manya uku da gishiri, a ba shi minti 3 zuwa 4. A fito da shi, a juya, a zuba gutsattsarin burodi da ɗan ruwa ko romo, a mayar minti 2. Sai a bar shi ya huta, burodin ya sha, a yayyaga ganyen a kai. Lokacin nan ya danganta da ƙarfin na'urar mutum. Kada miyar ta wuce rabin kwalba da yawa, domin tumatir yana tsalle idan ya tafasa. Burodin Agege yana da laushi da zaƙi, in aka sa shi sabo sai ya zama kamar koko. A bari ya kwana, ko a gasa shi tukuna. Ni a ganina ɗan attaruhu yana gyara ta, ko da yake mutanen Italiya ba su san attaruhu a ciki ba.

Murfin ƙarfe ba ya shiga na'urar nan, tartsatsi zai yi. Kuma ko murfin roba ne kada a ɗaure shi, don tururi zai taru ya fasa kwalbar. A ɗora ƙaramin faranti a baki kawai. Kwalbar da ta fito daga firji da sanyinta, a bari ta saki kafin a ba ta zafi.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Wasu suna ganin tunda an dafa a kwalba, sai a murɗa murfi da zafinta a ajiye a kanta har wata guda, kamar tumatirin gwangwani. Jama'a, wannan ba ajiya ba ce. Na'urar nan ba ta raba zafi daidai. Duk wanda ya taɓa ɗumama shinkafa a cikinta ya sani, gefe yana ƙona baki, tsakiya da sanyi. Inda zafi bai kai ba, ƙwayar cuta tana nan da ranta.

Akwai wata ƙwaya da ke cikin ƙasa, likitoci na kiran ciwonta botulizim. Irinta yana jure tafasasshen ruwa. Abin da take so shi ne wuri mai laima, marar iska, marar tsami. To ku duba rufaffiyar kwalba mai burodi da mai da tafarnuwa, ai gida aka gina mata. Gubar da take fitarwa ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba. Bayan awa 12 zuwa 36 mutum ya fara gani dishi-dishi ko biyu-biyu, fatar ido ta riƙa saukowa, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi. Wanda aka ga haka a jikinsa, asibiti za a nufa nan take, ba kemis ba. Saboda haka wannan miya ta ci ce a ranar. In ta yi saura a sa a firji kafin awa 2, a cinye cikin kwana 3 ko 4, shi ma in wuta ta tsaya. In firjin ya kwana babu wuta, a haƙura da ita.

Na san abin da ke jawo wannan tunani. Da rani, lokacin da motoci ke sauke kayan Kadawa da Kura da Danja a kasuwar Mile 12, kwando yana faɗuwa har mai kaya ya rasa kuɗin mota. Da damina ta sauka kuma sai tumatir ya zama na masu hali. A 2016, da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, kowa ya ga yadda miya ta gagari gidaje. Dole uwargida ta so ta tara na araha. Iyayenmu kauɗa suke yi, su yanka su shanya, amma laimar Ikko ba ta barin abu ya bushe kamar a gida.

To in ajiya ake so, a ajiye tumatirin shi kaɗai. Ba burodi, ba mai, ba albasa, ba tafarnuwa. A zaɓi lafiyayye. Wanda ya fashe ko ya fara ruɓa, da ake sayarwa da rahusa a bakin kasuwa, bai dace da kwalba ba, ko da ni ne na sayar muku. A wanke, a markaɗa, a tafasa shi minti 5. A kowace kwalba mai rabin lita a fara zuba babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami irin na kwalba, mai lita ɗaya kuma cokali biyu. Dalili, tsamin tumatir yana bakin iyaka ne, wani yana da isasshe wani ba shi da shi, kuma tsamin ne ke hana ƙwayar nan motsi. A zuba tumatirin da zafinsa, a bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, a goge baki, a rufe da sabon murfi mai kamawa. A shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, a jera kwalaben, ruwa ya shanye kansu. Daga lokacin da ya fara tafasa ake ƙirga: minti 35 ga rabin lita, minti 45 ga lita ɗaya. Wannan lissafin namu ne na nan bakin teku. Mai aika wa 'yan'uwa a Kano ko Zariya ko Jos ya ce su ƙara minti 5 zuwa 10, domin a tudu ruwa yana tafasa kafin ya kai zafin da yake kaiwa a nan.

Bayan sun huce a danna tsakiyar murfin. In ya lotsa ciki bai motsa ba, ya kama. In yana ɗagowa, a yi miya da shi a ranar. A rubuta wata da shekara a jiki, a ajiye inda rana ba ta bugu, a yi amfani da shi cikin shekara. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta fesa da aka buɗe, a zubar, kada ma a ɗanɗana.

Ranar da aka yi marmarin miyar burodin, sai a buɗe kwalba ɗaya a haɗa ta sabuwa, minti goma ya isa. Mai tambaya ya ɗaga hannu.