Gari Ba Ya Tsayawa a Bakin Iyaka: Darasi Daga Abuja



Abin da ya tara mu yau shi ne yadda ake sa ido a kan bunƙasar birane. A ganinmu, wanda ya dubi gari bai dubi unguwannin da ke cikinsa da yankin da ke kewaye da shi ba, rabin gari ya gani. Abuja ta ishe mu misali.

A 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta keɓe ƙasar sabon babban birni. Aka gama zana tsarinsa a 1979, Gwamnati ta taso daga Ikko ran 12 ga Disamba, 1991. Tsari ya yi kyau a takarda, amma ikon masu kula da shi ya ƙare a iyakar Birnin Tarayya. Da kuɗin haya a Garki da Wuse ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai ya nemi ɗaki a Mararraba da Masaka cikin Jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla cikin Jihar Neja. Gidaje suka riga tituna da magudanan ruwa isa can, cunkoson hanyar Keffi kuwa kowace safiya shaida ne.

Saboda haka lalle a yi awo hawa uku. A unguwa, a san yawan gidaje da famfuna da makarantu. A birni, a san inda filaye da hanyoyi suka dosa. A yanki kuwa, a san inda ma'aikatan birnin ke kwana, ko da a wata jiha ne. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta raba aikin tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, amma rabo ba ya amfani in kowa ya ɓoye alƙalumansa a aljihun tebur.

Hoton tauraron ɗan'adam, irin wanda Nijeriya ta fara mallaka a 2003, yana nuna rufin kwano, ba ya faɗin mutum nawa ke kwana a ƙarƙashinsa. Wannan sai a bakin mai unguwa, balle ƙidayar 2006 ta tsufa.

Mu da za mu gāji ofisoshin nan, wajibinmu ne mu haɗa hoton sama da labarin ƙasa, mu riƙa sabunta su shekara-shekara, mu kuma miƙa wa maƙwabciyar jiha abin da muka gano tun kafin a haƙa harsashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.