Wasan Sitiyari Ba Tsufan Mota Ba Ne

Yau zancen mota za mu yi, amma a gaskiya zancen rai ne.

Duk mai bin hanyar Bichi, Dambatta ko Tsanyawa ranar kasuwa ya san tsohuwar Fijo 504, musamman a-kori-kura: an danƙara buhunan gero da gyaɗa za a kai Dawanau, mutane kuma a saman kaya. Kar ku raina ta fa. A 1968 ta fito a Faransa, ta ci gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, kuma kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana haɗa ta. A Turai yanzu masu kuɗi ne ke adana samfurinta mai ƙofa biyu, suna lallaɓa shi. Mu a nan ita ce jakin gida.

To, ku lura da hannun direba. Hanya miƙaƙƙiya ce, amma yana ta murza sitiyari hagu da dama. Ka yi magana ya ce, "Ai tsufa ne." A'a malam, wani ƙarfe ne ya cinye, kuma ana iya gano shi cikin minti goma.

Na farko, a auna. A tsayar da mota a ƙasa mai tauri, tayoyi a miƙe. Ka motsa sitiyari a hankali, wani ya zuba wa tayar gaba ido. Tafiyar da sitiyari ya yi kafin taya ta motsa, shi ne wasan. A gwajin lafiyar mota na Ingila, sitiyari mai rak irin na 504 an ƙayyade masa milimita 13, wajen faɗin ɗan yatsa. In naka ya kai yatsu uku, akwai matsala.

Na biyu, a bi wasan daga sama zuwa ƙasa. Kana girgiza sitiyari, abokinka yana dubawa: mahaɗar sandar sitiyari da rak, sai notunan da suka riƙe rak ɗin, sai tayarod na ciki da na waje. Duk inda ɓangare ɗaya ya motsa na kusa da shi bai bi ba, nan ɓarawon yake.

Na uku, a ɗaga gaba da jak, a tokare da katako mai ƙarfi. Don Allah kar kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kama taya ta gefe da gefe ka girgiza. In ta yi ƙwas-ƙwas, yawanci tayarod ne. Kama ta sama da ƙasa; in ta motsa, boris ne ko boljoyin. Sa wani ya taka birki: in motsin ya ɓace, boris ne.

Me ke cinye su? Robar da ta rufe mahaɗar ce ke yagewa, giris ya fita, yashi da ƙurar hunturu su shiga su yi ta gurzar ƙarfe. Ƙara da ramuka da lodin da ya wuce kima.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne gyaran wucin gadi: a cusa robar tsohon tub, a bubbuga da guduma, ko a yi walda. Tayarod in ya fita ana cikin gudu, tayar nan ta daina jin sitiyari, shi ke nan. Kuma hanyoyinmu ta tsakiyar garuruwa da gonaki suka ratsa: yara, amalanke, 'yan acaɓa, kowa na bakin titi. Alaimen ma ba ya maganin wasa. Sai an canza abin da ya cinye, sannan a yi shi.

Direbobi, na san kuɗin gyara da ciwo, amma ku tambayi farashin tayarod a Ƙofar Ruwa, ku gwada da kuɗin asibiti. Shugabannin tasha, gwajin nan ba ya cin ko sisi, me zai hana a yi shi kafin lodi? Mu fasinjoji kuwa, in ka ga direba na kokawa da sitiyari, yi magana cikin ladabi. Ka biya kuɗin mota, kana da haƙƙi.

Ku tura wa direban garinku, ku faɗa mana a kwament yadda motocin tasharku suke. Allah ya tsare hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.