Zarto a Lambun Waƙafi

 

Malamanmu, iyayenmu shugabannin kwamitocin masallatai, da ku masu bayar da taimako,

A shafin kuɗi na wannan rahoto za ku ga abin da aka raba wa marayu daga amfanin lambunan waƙafi ya ragu a bana. Ba fari ne ya jawo haka ba. Mu ne muka riƙe wani kaso domin gyaran itatuwan, kuma haƙƙinku ne ku ji dalili.

Lokacin da Sayyidina Umar ya sami fili a Haibara, Annabi (SAW) ya shiryar da shi ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfaninsa. Saboda tsare asalin nan ne malaman fiƙihu suka ce gyaran waƙafi ake fara fitarwa daga abin da ya samar, kafin a zo ga rabo. A mazhabarmu ta Malikiyya, ko da mai waƙafin ya sharɗanta kada a fara da gyara, ba a bin wannan sharaɗi.

Da muka zagaya lambuna da harabobin masallatai, mun tarar da hali iri biyu. Wasu kwamitoci na jin tsoron taɓa itacen waƙafi, suna ganin sare reshensa cin amana ne. Sai mangwaro ya cunkushe, rana ba ta shiga cikinsa, busassun rassa na reto a kan masu salla. Wasu kuma sukan kira mai faskare ya yi wa itacen ƙwal-kwabo da gatari, ladansa itacen da ya sara. Wanda ladansa ke nan, ina zai tsaya?

Abin da muke roƙo shi ne a datse mangwaro da zarar an gama tsinkar 'ya'yansa, ba lokacin hunturu da yake fure ba. A fara da busassun rassa, da masu cuta, da masu gogar juna, kuma kada a raba babban itace da fiye da rubu'in rassansa a shekara guda. Idan reshen mai nauyi ne, a fara shiga da zarto ta ƙasansa, ɗan nesa da gangar itacen, sannan a yanke ta sama, don kada ya yage ɓawo wajen faɗuwa. Daga nan a cire guntun da ya rage, amma a bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, domin ta nan ciwon yake rufewa. Shafa baƙin mai a wurin, da wasu ke yi da kyakkyawar niyya, cutarwa ce.

Kauci kuwa tsuntsaye ne ke kai irinsa, kuma yana shan ruwan itacen daga cikin reshe. Fizge ganyensa aikin banza ne. Sai an yanke reshen ƙasa da inda ya kama.

Abin da ya fi ba mu takaici mu muka jawo shi da hannunmu. A wani masallaci mun ga lemo yana zubar da danƙo daga gindi, ganyensa ya yi rawaya, saboda ruwan alwala yana kwanciya a jikinsa dare da rana. A wani kuma an shafe siminti har jikin darbejiya, saiwa ba ta samun ruwa balle iska. Ga maɗaci da masu neman magani suka sassaƙe: idan sassaƙar ta zagaye gangar itace, hanyar abinci zuwa saiwa ta yanke, mutuwarsa sai dai jiran lokaci.

Itacen da ya riga ya mutu, kada kwamiti ya sayar da shi a kan gaban kansa. A rubuto mana, mu zo mu gani tare, kuɗinsa kuma ya koma dashen wani a gurbinsa. Muna kuma neman kowane kwamiti ya ƙirga itatuwan da ke hannunsa, ya nuna marasa lafiya a cikinsu, ya aiko wa ofishin sakatare kafin faɗuwar damina.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka dasa, Ya karɓa daga gare ku.