JAWABIN FASTO A BIKIN CIKAR IKKILISIYA SHEKARA 50



Da aka ce kowa ya kawo tsofaffin hotuna domin wannan littafi, sai na buɗe akwatin ƙarfena na makaranta. A can ƙasa na tarar da hoton ranar da aka sallame mu daga aji 5 na sakandare, a 1984. Ga mu nan cikin fararen riguna, kowa baki har kunne. Ran nan mun ci shinkafa da nama, muka rubuta wa juna adireshi a bayan littafi, wannan ya ce likita zai zama, wancan ya ce injiniya. Wasu daga cikinsu sun riga mu tafiya gida.

Shekarar kuwa ta zo da gardama. A watan Afrilu gwamnatin soja ta canja kuɗi, ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Kasuwar Illela ta yi sanyi. Ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a gona. Na dawo Darna Sabon Gari da takardar shaida, amma aiki babu. Shekara 2 ina noma, ina koyarwa a makarantar Lahadi. Ikkilisiyar nan ba ta kai shekara 10 ba a lokacin, amma iyayenmu mata suka tara hatsi kwano-kwano, aka sayar, aka biya mini kuɗin mota zuwa makarantar Littafi Mai Tsarki. Hatsin nan ne ya tsayar da ni a gabanku yau.

'Ya'yana da kuka gama sakandare bana, na san zuciyarku. Kun ga an rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023 bayan juyin mulki a Nijar. Kun ga tsadar abinci da tashin hankalin 'yan bindiga. Kada zaman jira ya tura ku fasa-ƙwauri ko shan ƙwaya. Ku koyi sana'a, ku riƙe gona, ku sake zama jarrabawa in ta kama. Mahaƙurci mawadaci ne.

Mu kuma iyaye, bashi ne a kanmu. Annabi Sama'ila ya kafa dutse domin a riƙa tuna taimakon Ubangiji. Ina roƙo dutsenmu na wannan biki ya zama asusun biyan kuɗin jarrabawar WAEC na marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi. Mai kwano ɗaya ya kawo.

Allah wanda ya riƙe mu shekara 50, shi riƙe 'ya'yanmu. Amin.