Kwaɗon Kyuba da Dogonyaron Bakin Dajinmu



Da kwaɗo zan fara, a yi mini haƙuri. Akwai wani kwaɗon bishiya, ɗan asalin tsibirin Kyuba, da ya shiga jihar Fulorida ta Amurka a shekarun 1920, ɓoye cikin kayan jiragen ruwa. Yatsunsa na manne wa bango har da gilashi. Duk abin da bakinsa ya iya ɗauka ya zama abinci: ƙwari, ƙananan ƙadangaru, har kwaɗin da ya tarar a ƙasar. Ruwan da ya kwanta a bokiti ya ishe shi zuba ƙwai. Yauƙin jikinsa na sa ido raɗaɗi, kuma yakan kutsa akwatin lantarki ya jefa unguwa cikin duhu. A 2016 aka kai wasu itatuwa dangin dabino daga Fulorida zuwa gidan namun daji na birnin New Orleans, ba a jima ba sai ga kwaɗon ya hayayyafa a can. Ƙafarsa ba ta kai shi nesa, mu ne muke ɗaukarsa a mota.

Wannan kwaɗo bai iso mana ba, amma muna da namu baƙon, wanda muke so ƙwarai: dogonyaro. Asalinsa yankin Indiya, a 1928 aka dasa shi a Barno. Ba mai musun inuwarsa, ba kuma gidan da bai taɓa dafa ganyensa don zazzaɓi ba. To amma a leƙa gindin ɗorawa ko kaɗanya a gonakin bayan gari. Jemagu da tsuntsaye kan sha 'ya'yan dogonyaro, su sauka a reshe su zubar da ƙwallon, sai ka ga tsirrai sun yi wa gindin zobe. Dogonyaro na fara 'ya'ya cikin shekara 5, kaɗanya kuwa sai ta kai wajen 15. In ka sare shi ma, sai ya sake tohowa.

Dajinmu na Kamuku an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. Inda doka da maje suka haɗa kai, da wuya baƙo ya samu wurin zama. Saran gawayi da ramukan zinariya da gobarar rani su ke buɗe masa ƙofa. Mutanen Haɗeja da Nguru sun ga irin wannan da ciyawar kachala, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa bayan madatsun Tiga da Challawa sun sauya tafiyar kogi.

Shekarun rashin tsaro sun hana masu bincike shiga dajin Kamuku, don haka idon da ya rage shi ne na manoma, mafarauta, da iyayenmu mata masu tsintar kaɗe. Roƙona a bar dogonyaro a ƙofar gida da bakin kasuwa. Wanda ya tsiro a gindin kaɗanya kuwa a tuge shi da damina, tun ƙasa na da laushi, kafin saiwarsa ta yi nisa.